Wasiƙar da Ta Kwana a Hula

A lungunsu na Nima, can bayan babbar kwata, ba wanda ke da adireshi. Gidaje ba lamba, lunguna ba suna. In ka ce wa baƙo ya bi ta gaban mai gawayi ya karya dama, to ranar ce mai gawayin za ta rufe ta tafi suna Maamobi, baƙo ya wuni yana zagaye. Don haka duk mai jiran wasiƙa a lungun, tun daga liman har mai aski, lamba ɗaya yake bayarwa, lambar akwatin gidan waya na Alhaji Mahama mai goro. Makullin akwatin kuwa yana rataye a wuyan Iliasu, ɗan ƙanwar Alhaji, da igiyar tsohon takalmi.

Aikin Iliasu ke nan, in har za a kira shi aiki. Kullum da hantsi ya sa hularsa, ya taka zuwa gidan waya, ya buɗe akwati, ya kwaso abin da ya tarar, ya bi gida-gida yana rabawa. Ba albashi. Wata tsohuwa ta ba shi ƙosai biyu, wata ta sa masa albarka, wata ta zaunar da shi ya karanta mata abin da ɗanta ya rubuto daga Jamus. Shekara uku yana wannan, tun da aka koro su daga Legas a 1983, shi da abokinsa Mika'ilu, suka sauka a Tema daga jirgin ruwa da katifa ɗaya tsakaninsu da rediyon da ruwan teku ya kashe. Yanzu shekarunsa ashirin da bakwai, takardar gama makarantarsa ta Fom Fo tana cikin leda ƙarƙashin katifa, kuma har yau wurin yayarsa Adiza mai shinkafa da wake yake cin abincin rana.

Ba wai bai nema ba. Ya yi layi a ofishin leba na masu neman aiki har katinsa ya yi laushi kamar tsumma. Ya ɗauki kankare a ka a wani gini a Kanda, kwana huɗu aka ce siminti ya ƙare. Ya je Abossey Okai dakon injin mota, waɗanda suka riga shi suka nuna masa cewa wurin da masu shi. Takardar neman aiki kuwa yana iya rubuta ta ido rufe. In duk wannan ya ƙare, sai ya koma bes.

Bes benci biyu ne ƙarƙashin darbejiya a gaban shagon tela. Samarin lungun suka sa masa suna Hambok, sunan wani birnin Jamus, duk da cewa babu ɗayansu da ya taɓa ganin cikin jirgin sama. Nan ake dafa ataya, a yi gardamar ƙwallo, a gyara gwamnati da baki. Wanda ya samu aikin wuni ya sayo sukari. Wanda ya ji labarin biki ko suna ya faɗa, a je a taya kafa rumfa a ci tuwo. Abu ɗaya ne ba a faɗa a bes, wato inda mutum yake neman aiki. Ba a gaya wa aboki, wani ma ko uwarsa ba ya gaya wa, sai takarda ta shiga hannu. Ana tsoron baki, ana tsoron ido, ana kuma tsoron kunyar a ji ka je ba a ɗauke ka ba. Wanda aka kira intabiyu yakan fito da tsohuwar riga kamar mai zuwa sayen sigari, farar rigar tana naɗe cikin leda, sai ya yi nisa da unguwa ya canza.

Sai dai Iliasu ba a iya ɓoye masa har ƙarshe, domin amsar ta hannunsa za ta biyo. Ya san wasiƙa kamar yadda kawunsa ya san goro. In ya ɗaga ambulan ya sa rana a bayansa, ba sai ya buɗe ba. Wasiƙar ba da haƙuri layi uku ce a tsakiyar takarda, sauran fari fat. Ta kira tana da tsawo, kuma akwai layi ɗaya da ke tsaye shi kaɗai an ja masa zane a ƙasa, shi ne rana da lokaci. A shekara uku ya ga ta kira sau biyar, babu ɗaya mai sunansa.

Akwai kuma masu zanen ja da shuɗi a gefe, na ƙasashen waje, da hoto a ciki. Yaron da Iliasu ya san shi da majina ga shi ya jingina da motar wani, cikin ƙatuwar rigar sanyi, yana murmushi. Kowace irin wannan sai ta tayar masa da hassada. Amma waɗannan sun yi nisa, hassadarsu ba ta wuce wuni. Wadda ke cin rai ita ce ta wanda kuke zaune benci ɗaya.

Mika'ilu dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma ko tsumma zai sa sai ya yi masa guga. Kafin su tafi Legas ya yi shekara ɗaya yana koyon tafireta, har yanzu in yana zaune yatsunsa na bugun gwiwarsa kamar mai aiki. Shi ma shekara uku ba aiki, amma rashin aikin nasa bai nuna a jikinsa, abin da ke ba Iliasu haushi ke nan. Talauci ɗaya, amma mutane suna ganin na Mika'ilu kamar na ɗan lokaci ne, na Iliasu kuwa kamar da shi aka haife shi.

"Ka ga Mika'ilu," in ji Adiza wata rana tana zuba masa abinci. "Ko ba aiki, in ya wuce sai ka ce akawu ne. Kai kuwa dubi wuyan rigarka."

"Yaya, shi ma nan yake ci."

"Yana ci, amma yana wanke kwano."

Gaskiya ce kuma, ita ta sa maganar ta yi zafi. Iliasu ya daɗe da lura cewa in Adiza ta zo zuba wa Mika'ilu miya, ludayin yakan nutsa ƙasa ya taɓo nama.

Wata Alhamis da safe Alhaji Mahama ya aike shi Kawukudi ya tari motar goro. Yana tsaye a mahaɗar, motocin haya suna ta ihun inda za su, Sakul da Ankara, sai ya hango wani dogo a bayan wani kiyos yana tuɓe riga. Mika'ilu ne. Ya zaro farar riga daga leda, ya sa, ya ɗaura nakatayi yana kallon fuskarsa a gilashin wata motar da aka ajiye, ya goge takalminsa da bayan wando, ya tare mota ya shiga. Bai waiwayo ba.

Iliasu ya tsaya kamar an dasa shi. A Agege ɗaki ɗaya suka kwana su shida. Da zazzaɓi ya kama Mika'ilu, shi ya goya shi zuwa kemis. A jirgin ruwa shi ya riƙe masa kai yana amai kwana biyu. Yau ga shi da nakatayi a bayan kiyos, yana ɓoye masa kamar yadda ake ɓoye wa maye. Ya san al'ada ce. Ya san da shi ne haka zai yi. Sanin bai rage masa komai ba.

Da la'asar a bes Iliasu ya miƙa wa Mika'ilu kofin ataya ya ce, "Cale, abokina, ban gan ka ba da safe."

"Na je Kotobabi gai da wani ɗan'uwan Mma."

"Yana lafiya?"

"Lafiya lau."

"To madalla," in ji Iliasu, ya kurɓi nasa, bai ji sukarin ba.

Bayan mako biyu, ranar Litinin bakwai ga wata, ya buɗe akwati ya tarar da wasiƙa huɗu. Uku na mutanen gida ne. Ta huɗun farin ambulan ce mai kauri, an buga sunan Mika'ilu da tafireta, a kusurwa ga sunan wani kamfanin kayan gini da ke wajen Kaneshi. Tun kafin ya fita daga rumfar akwatunan zuciyarsa ta gaya masa. Ya fita duk da haka, ya ɗaga wa rana. An ninka takardar uku, rubutu ya hau rubutu, ba a gane komai, sai layi ɗaya da ke tsaye shi kaɗai da zane a ƙasa. Litinin, sha huɗu ga wata, ƙarfe takwas na safe.

Ya ga Mika'ilu da farar riga kullum, ba a leda ba, a jiki, yana fitowa daga lungu mata na gaishe shi. Ya ga ƙarshen wata Mika'ilu ya sayo wa bes sukari da ganyen shayi, kowa na yi masa godiya, shi ma dole ya yi. Ya ga Adiza. Ya ga kansa da shekara talatin, da arba'in, da igiyar takalmi a wuya, yana kawo wa Mika'ilu wasiƙu. Bai yanke shawarar komai ba, hannunsa ne kawai ya cire hular, ya lanƙwasa ambulan ɗin a cikinta, ya mayar ka.

Mika'ilu yana bakin lungu, wai yana kallon masu gyaran famfo.

"Leta ya zo?"

"Bai zo ba."

"To," in ji Mika'ilu, ya ci gaba da kallon famfo.

Iliasu ya ce wa kansa gobe zai ba shi. Kwana ɗaya ne kawai, ya ɗanɗana jira kamar kowa, ai shi ma ya yi masa ƙaryar Kotobabi. Gobe ta zo, ya ga in ya bayar yau, da sauran kwana shida Mika'ilu ya yi guga ya shirya, kuma wannan tunanin kaɗai ya ishe shi ya bar hular a kansa. Ranar Laraba ya samo wata hujjar da ta fi kwantar masa da hankali, ita ce bai buɗe ba. Duk lungun sun san Iliasu ba ya buɗe wasiƙar mutane, ko mai kuɗi a ciki, ko ta budurwa. Wanda ya buɗe shi ne ya ci amana. Shi bai yaga ba, bai jefa a kwata ba, bai ƙona ba, ajiyewa ya yi. Mutum in yana son ya yaudari kansa ba ya rasa malamin da zai ba shi fatawa, kuma malamin yana cikin kansa zaune.

Ba inda zai ajiye ta sai hular, don ɗakin da yake kwana su huɗu ne, kuma kowa na taɓa kayan kowa. Haka ya yi ta yawo da ita. Gumi ya jiƙa ta, ta bushe, ta sake jiƙa. Mai aski ya kira shi ya ce gashinsa ya taru, ya zo a rage masa kyauta, ya ce kansa na ciwo. Ranar Juma'a a masallaci sahu ɗaya suka tsaya da Mika'ilu, kafaɗa da kafaɗa, duk sujadar da ya yi yana jin takardar tana motsi a tsakar kansa, yana tsoron kada hular ta faɗi. Da aka yi sallama Mika'ilu ya miƙo masa hannu suka gaisa.

Kullum tambayar ɗaya ce, amsar ɗaya. Mika'ilu bai taɓa cewa daga ina yake jira ba, Iliasu bai taɓa tambaya ba. Ranar Asabar Mika'ilu ya ƙara da cewa, "Ka duba da kyau? Wani lokaci leta yana maƙalewa a sama."

"Ni za ka koya wa akwati?"

"A'a. Yi haƙuri."

Wannan haƙurin da ya ba shi ya fi komai ƙona masa rai. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi.

Litinin sha huɗu ta zo. Ƙarfe takwas na safe Mika'ilu yana zaune a bes da tsohuwar riga, yana shan koko a leda, yatsunsa na bugun gwiwa. Iliasu ya dubi agogon shagon tela, ya ga tsinken ya wuce takwas, ya wuce da kwata, ya kai rabi. Ya ɗauka zai ji sanyi a ransa. Abin da ya ji kamar wanda ya ci tuwon jiya ne da ya fara tsami, cikin ya cika amma ba daɗi. Mika'ilu ya miƙo masa ragowar kokon ya ce ya ƙoshi.

Ya bari Talata ta wuce don kada abin ya yi kusa da yawa. Ranar Laraba, a hanyar dawowa daga gidan waya, ya ciro ambulan ɗin, ya danna shi a cinya ya miƙar da shi iyakar iyawarsa, ya cusa tsakiyar sauran. Ya iso bes da fara'ar da ya aro.

"Cale, yau ka yi sa'a. Leta ya zo."

Mika'ilu ya miƙe har ya kusa ture butar ataya. Ya karɓa, ya koma bayan shagon tela inda ba idon mutane. Iliasu ya zauna yana jira ya ji shiru mai tsawo. Sai ya ji an kira sunansa.

Mika'ilu yana tsaye da takardar a buɗe. Ya miƙa masa. Iliasu ya karanta Turancin a hankali, yana bin layi da yatsa. Kamfanin ya ɗauki Mika'ilu akawu mai buga tafireta. Ya zo ranar Litinin sha huɗu, ƙarfe takwas. Ƙarƙashin wannan layin akwai wani sakin layi da ninkin takarda ya ɓoye wa rana. Ya zo tare da Malam Iliasu, wanda ya ba da shaidarsa, domin kamfanin yana buƙatar masinja mai raba wasiƙu, kuma in manaja ya gan shi ya gamsu zai fara aiki a ranar.

Ya karanta sunansa sau uku. Bai taɓa ganin an buga shi da tafireta a takardar wani kamfani ba.

"Ranar intabiyu na ji suna cewa masinjansu ya tsufa zai tafi gida," in ji Mika'ilu. "Na ce ina da mutum. Ban gaya maka ba don kada ka sa rai ya zama babu. Ka san yadda muke." Ya dubi kwanan watan ya dafe kai. "Shekaranjiya ne. Gidan waya ya kashe mu. Je ka sa riga, mu tafi yanzu, ko Allah zai sa."

Iliasu ya tafi ya sa riga. Ƙafafunsa ne suka kai shi, shi kam ba ya nan. Ba su tsaya ɓoye komai a leda ba, suka fita lungun da fararen riguna da rana tsaka, mata na leƙowa.

Kamfanin babban fili ne da tulin kwanon rufi da buhunan siminti, da ɗan ofis a gefe. A bakin ofishin akwai benci, wani mai kamar shekarunsu yana zaune da takardunsa a leda. Iliasu ya san shi a ido, Jibirilu ne, ɗan Maamobi, sun sha haɗuwa a layin ofishin leba. Jingine da bango ga baƙin keke sabo, da jakar fata ɗaure a baya da sunan kamfanin a jiki. Iliasu ya dube shi sau ɗaya ya kawar da kai.

Manajan dattijo ne mai tabarau, da furfura a gefen kunne. Ya saurari Mika'ilu da Turanci har ya gama. Ya ce bai ba kowa kujerar ba, domin a cikin mutum goma sha ɗaya da ya gwada Mika'ilu kaɗai ya buga shafi ba kuskure, shi ya sa ya ce a jira zuwa Juma'a. Na masinja ma bai bayar ba, ko da yake ga wani can a benci wata biyu yana zuwa kullum. Iliasu ya ji numfashinsa ya dawo. Ashe ba a rasa ba. Ya fara yi wa Allah alkawura a zuci, ɗaya bayan ɗaya.

"Yaushe ka ce wasiƙar ta iso?" in ji manajan.

"Yau da safe, ranka ya daɗe."

"Ba ni ambulan ɗin."

Mika'ilu ya miƙa. Dattijon ya riƙe shi da yatsa biyu. Ya lanƙwashe kamar ƙoƙo, gefensa ya yi rawaya da gumi, yana ƙanshin man gashi. Ya juya bayansa. Iliasu ya san abin da ke bayan, ya fi kowa sani. Ranar da wasiƙa ta shiga akwati ana buga mata hatimi a baya, ɗan zagaye da kwanan wata. Shekara uku yana ganin wannan hatimin kullum, amma a kwana taran nan ko sau ɗaya bai tuna da shi ba.

"Bakwai ga wata," in ji manajan. Ya nuna wa Mika'ilu. "Gidan waya sun yi aikinsu. Wa ke buɗe muku akwati?"

Garin saurin sa riga Iliasu bai tura makullin ciki ba, yana nan a kan farar rigar, a ƙirji. Hannunsa ya tashi da kansa ya rufe shi. Manajan ya dubi hannun, Mika'ilu ma ya dubi hannun, daga nan ya ɗaga ido ya dubi hular.

"Wannan ne mutumin da ka ce mini shekara uku wasiƙa ba ta taɓa kwana a hannunsa ba?"

Mika'ilu ya ce, "Shi ne, ranka ya daɗe."

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya ce wa Mika'ilu ya zo gobe ƙarfe takwas, kuma daga yau ya riƙa sanin wanda zai tsaya wa. Sannan ya leƙa ƙofa ya kira Jibirilu, ya tambaye shi ko ya iya keke.

Da ƙafa suka dawo, don ba wanda ya yi maganar mota. Sun wuce Sakul, sun hau tudun da ke kai wa Nima, rana na dukan ƙeyarsu. Iliasu yana ta jiran zagi, ya ma shirya abin da zai ce, maganar Kotobabi da nakatayi da bayan kiyos. Sai da suka hango rufin kwanon unguwa Mika'ilu ya yi magana, ba tare da ya dube shi ba.

"Kwana nawa?"

"Tara."

"Har ranar Juma'a yana kanka?"

"E."

"Da ka buɗe ma," in ji Mika'ilu. Bai ƙarasa ba, ya shige lungu.

Mika'ilu bai gaya wa kowa ba. Ko Alhaji Mahama, ko Adiza, ko 'yan bes. Labarin da lungun ya ji shi ne Mika'ilu ya samu aiki, aka yi ta barka, Adiza ta zuba masa nama biyu a gaban kowa ta ce dama ita ta sani. Ƙarshen wata ya kawo wa bes sukari da ganyen shayi, Iliasu ya yi godiya tare da kowa, kamar yadda ya hango. Makullin yana nan a wuyansa, tsofaffi suna nan suna sa masa albarka. Abu ɗaya ne ya canza. Mika'ilu ya daina tambaya ko leta ya zo, domin ya koma ba da adireshin ofis. In sun haɗu suna gaisawa, gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa surukin maƙwabci.

Hassadar kuwa ba ta tafi ba, kada wani ya ɗauka kunya tana kashe ta. Ta dai rabu biyu. Rabi na bin farar rigar Mika'ilu kowace safiya har ta ɓace a kwana, rabi ya koma kan wani baƙin keke da Iliasu ya gani sau ɗaya tak amma ya san ko'ina a jikinsa.

Wata Asabar da hantsi yana dawowa daga gidan waya sai ya ji ƙararrawa a bakin lungu. Jibirilu ne, cikin kaki mai guga, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana tambayar masu wanki gidan su Mika'ilu, manaja ya aiko shi da takarda. Matan suka nuna Iliasu baki ɗaya, suka ce ga wanda ya san kowane gida.

"Massa, taimake ni," in ji Jibirilu. "Lungun nan naku ya ruɗa ni."

Iliasu ya shiga gaba, Jibirilu na turo keken a baya, suka bi ta gaban mai gawayi suka karya dama, suka tsallake ƙaramar kwata. A ƙofar gidan Jibirilu ya ciro takardar daga jakar fata, ya duba zauren ya ga keke ba zai shiga ba.

"Riƙe mini, ina zuwa."

Iliasu ya riƙe. Robar hannun tana da ɗumi, ƙarfen yana sheƙi, ƙararrawar tana daidai ƙarƙashin babban yatsansa. Tsayin sirdin ma daidai da shi ne, ko gyara ba sai an yi ba. Yana nan tsaye sai ga Mma Alima, tsohuwar da yake karanta wa wasiƙun Jamus, ta fito da bokiti. Ta tsaya, ta dubi keken, ta dubi jakar, ta dube shi, fuskarta ta washe.

"Iliasu, ashe Allah ya yi. Shi ne ka ɓoye mana? Ka kyauta, ɗana, haka ake yi. Dama na ce wanda ya riƙe letan mutane da amana haka, ba zai taɓe ba."

Iliasu ya ɗauke yatsansa daga kan ƙararrawar.

"Ba nawa ba ne, Mma," ya ce. "Riƙewa aka ba ni."